Tarihin Ƙugiya: Daga Allon Gwandu Zuwa Cikin Kwamfuta

Ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke jihar Kebbi daga tsohuwar jihar Sakkwato, Birnin Kebbi ya zama hedikwata. Duk wanda ya yi wayo a lokacin bai manta da wannan rana ba. Wata biyu bayan haka, cikin Oktoba, wani kundi ya fito a Amurka wanda babu wanda ya kaɗa masa ganga a ƙasar Kabi, alhali ya shafi kowane Ɗahiru da kowane Ƙasimu da ke cikin sabuwar jihar. Sunan kundin Unicode. Abin da ke cikinsa jeri ne na haruffan duniya fiye da dubu bakwai, kowane harafi da lambarsa. A cikin wannan jeri aka ba ƙ lamba 409, aka ba ɓ lamba 595, aka ba ɗ lamba 599. Jihar Kebbi da lambobin haruffanmu masu ƙugiya sa'o'in juna ne, shekararsu ɗaya.

Kafin a kai ga waɗannan lambobi an sha tafiya. Sau huɗu kayan rubutu suna sauyawa a hannun Bahaushe: alƙalami, dalmar maɗaba'a, tafireta, sannan kwamfuta. Duk sanda aka sauya, sai tambaya guda ta sake tasowa: ina za a ajiye sautukan nan da Bahaushe ke furtawa da maƙogwaro, waɗanda babu su a bakin mai kayan?

Zamanin alƙalami

Kabi tsohuwar daula ce. Muhammadu Kanta ya kafa ta a farkon ƙarni na 16 bayan ya ɓalle daga Askiyan Songhai, ya gina Surame, wadda kufanta ke nan har yau. Daga baya sarauta ta koma Birnin Kebbi. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci birnin, Kabawa suka ja da baya, a ƙarshe suka kafu a Argungu. Gwandu kuwa ta zama mazaunin Malam Abdullahi kuma cibiyar yammacin daular Usmaniyya.

Malam Abdullahi mutumin takarda ne kafin ya zama mutumin doki. Shi ya rubuta Tazyinul Waraƙat da Liya'ul Hukkam da tafsirin Liya'ut Ta'awil, ya kuma yi littattafai a nahawu da sarfu. Waɗannan da Larabci ya yi su. Amma jama'ar da ake son wa'azi ya isa gare ta ba Larabci take ji ba, don haka gidan Shehu ya duƙufa wajen tsara waƙoƙi da Fulatanci da Hausa. Nana Asma'u da ƙaninta Isa sun yi fice a wannan fage. Da baƙaƙen Larabci ake rubuta su, a kan takardar da fatake ke kawowa ta hamada, mai tambarin jinjirin wata uku, wadda akasari a Italiya ake yin ta. Wannan rubutu shi ne ajami.

To, Larabci ba shi da ɓ, ba shi da ts, ba shi da wasalin e. Malamai ba su tsaya jiran kowa ba. Suka duba baƙaƙen da ke hannunsu suka raba musu sabon aiki. Harafin ط ya ɗauki sautin ɗ, shi ya sa Ɗahiru da Ɗalhatu suka zo mana da ɗ. Harafin ق ya ɗauki ƙ, kamar a Ƙasimu da alƙali. Aka ƙara wa wani harafi ɗigo uku ya zama ts. Wasalin e kuwa aka aro masa ɗigon imala da ake sakawa a ƙarƙashin harafi a ruwayar Warsh, wadda da ita ake karatun Alƙur'ani a ƙasar nan.

Makarantar allo ta yi wani abu da ya dace mai shirya manhaja na yau ya tsaya ya duba. Ba ta haɗa wa yaro komai lokaci guda. Da farko babbaƙu, wato baƙaƙe tsiraru. Sai farfaru, inda ake ɗora musu wasula. Kuma kowace siffa ta harafi tana da sunanta na Hausa: ba guje, ha kuri, kaf lasan, ƙaf wau, lam ara, mim jaye, nun guda, shin mai ruwa. Ruwa a nan ɗigo ake nufi. Malaman sun lura cewa harafi ɗaya yana sauya kama gwargwadon inda ya zauna, farkon kalma ko tsakiya ko ƙarshe, kuma wasali abu ne dabam da ake ɗorawa a kan baƙi. Za mu sake cin karo da waɗannan darussa biyu a gaba.

Ajami yana da rauninsa. Babu wata hukuma da ta daidaita shi. Hannun Kano dabam, hannun Sakkwato da Gwandu dabam. Wani marubuci zai rubuta ɓ da ba kawai, ya bar wa mai karatu ya gane. Kuma mai karatu yana ganewa, domin harshen nasa ne, yawanci ma ya haddace waƙar tun kafin ya ga takardar. Rubutu a wancan zamani yana jingina da kunnen Bahaushe.

Zamanin dalma

Rubutun boko daga bakin teku ya faro. Wani ɗan mishan Bajamushe, J. F. Schön, ya buga jerin kalmomin Hausa a 1843, daga baya ya yi aiki da Dorugu, yaron nan ɗan ƙasar Damagaram da aka tafi da shi Ingila, har aka samu littafin Magana Hausa a 1885. Kunnen Turawan farko bai cika rarrabe b da ɓ ko k da ƙ ba. Da suka fara jin bambancin sai kowa ya kama tasa hanya: wani ya ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, wani ya maƙala masa waƙafi a gefe.

Sojojin Ingila sun sauka Argungu a 1902, Sakkwato ta faɗi a watan Maris na 1903. Gwamnatin Lugga ta zaɓi haruffan Rumawa don aikin ofis. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. A ƙarshen shekarun 1920 wata cibiyar nazarin harsunan Afirka da ke Landan, wadda Farfesa Westermann ke cikin jagororinta, ta kawo shawarar a daina ɗige-ɗige da waƙafi, a ƙera wa kowane sauti harafinsa sukutum. Daga wannan shawara ƙugiya ta fito. Hukumar Talifi ta Zariya a ƙarƙashin Dokta Rupert East ita ce ta dasa ta a rubutun Hausa cikin shekarun 1930.

Shekaru ne masu albarka. Gasar 1933 ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. A 1934 ƙamus ɗin Bargery ya fito. A wannan shekara kuma Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka rufe babin gabar da ta yi fiye da shekara ɗari tsakanin Kabawa da Sakkwato, aka shirya masa gagarumin su, wanda shi ne tushen bikin kamun kifi na yau. A Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita, Abubakar Imam yana edita. Littattafan Zariya da jaridar su suka kai ƙugiya kowace makarantar elementare, har da na Argungu da Birnin Kebbi.

Me ya sa aka damu da 'yar wannan lanƙwasa haka? Saboda ita ke raba kare da ƙare, kafa da ƙafa, kura da ƙura, baki da baƙi. Ita ke raba bari da ɓari, kuma duk wanda ya taɓa samun saƙo game da matar ɗan'uwansa mai juna biyu ya san ba wasa ba ne. Ko Matan Fada, inda dubban masunta ke afkawa ruwa da homa da gora suna farautar giwan ruwa, lanƙwasa ɗaya ta isa ta mai da sunan matan faɗa.

A maɗaba'a matsalar mai sauƙi ce, ko da yake tana cin kuɗi: a sa a zubo harafin da dalma, a ƙara masa gurbi a akwatin haruffa. Tafireta ce ta zo da gardama. Injin da aka ƙera don Ingilishi ba shi da ƙ. Akawun En'e sai ya buga k, in ya gama ya bi da alƙalami yana lanƙwasa kawunan haruffa ɗaya bayan ɗaya, in kuwa aiki ya yi yawa ya bar su haka. Tangaraho ma bai san ƙugiya ba. Tun daga nan ido ya fara sabawa da ganin sunaye a takardun hukuma babu ƙugiyarsu.

Bayan samun mulkin kai an zauna a Bamako a 1966 a ƙarƙashin UNESCO, aka sake zama a Yamai a 1980 don daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijeriya da Nijar. An dace a kan mafi yawa, harafi ɗaya ya rage. Nijeriya tana rubuta 'y, Nijar tana rubuta ƴ. Mutanen Kabi sun fi kowa ganin wannan, domin iyaka a ƙofar gidansu take. Yaro a Kangiwa zai rubuta 'ya'ya, ɗan kawunsa a Dogon Dutsi ya rubuta ƴaƴa, dukansu Arawa, baki ɗaya suke furta kalmar. A cikin shekarun 1980 kuma aka yi yunƙurin samar da jerin haruffa guda da tafireta guda ga harsunan Nijeriya, har mashahurin mai zanen haruffa Hermann Zapf ya sa hannu. Kafin aikin ya yaɗu, kwamfuta ta riga ta shigo gari.

Gida mai ɗaki 128

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba kawai ta sani. Ƙwaƙwalwarta cike take da ƙananan makunnai, kowane ko a kunne ko a kashe. Guda ɗaya shi ake kira bit, takwas a jere su ne bayit, kuma bayit ɗaya yana iya ɗaukar lamba daga 0 zuwa 255. Don a adana rubutu, dole a yi yarjejeniya cewa lamba kaza tana nufin harafi kaza. Yarjejeniyar da ta yi rinjaye ita ce ASCII, wadda Amurkawa suka fitar a 1963 suka kammala ta a 1967. Bit bakwai take amfani da su, wato gurbi 128. A ciki A ita ce 65, B 66, a kuma 97. Tsakanin babban harafi da ƙaraminsa kullum 32 ne. Masu shirya manhaja suka ji daɗin wannan tsari: in kana son mai da harafi babba, ɗebe 32, shi ke nan.

Gidan ya ishi mai shi, amma bai ishi baƙi ba. Faransawa da Jamusawa da Rashawa da Larabawa kowa ya ɗauki sauran gurabe 128 da bit na takwas ya samar ya zuba nasa haruffan. Sakamakon haka lamba ɗaya ta zama tana nufin abu kaza a Faris, wani abu dabam a Masko. An yi wa harsunan Afirka nasu jerin a 1983, mai suna ISO 6438, da ƙugiyoyinmu a ciki, amma don kundin ɗakunan karatu aka yi shi, bai shiga kwamfutocin kasuwa ba.

Da kwamfuta ta iso shagunan buga takardu a shekarun 1990, sai aka koma dabara irin ta akawun En'e. Wani gwani zai ɗauki zanen haruffa na Ingilishi, ya goge wata alama da ba a cika amfani da ita ba, ya zana ƙ a gurbinta. A fuskar kwamfutarsa ƙ ake gani, a cikin ƙwaƙwalwarta kuwa lambar tsohuwar alamar ce zaune. Ni kaina na ɗanɗana kuɗar wannan. Na taɓa kai rubutu mai shafi da yawa wani shago a Birnin Kebbi aka buga mini shi tsaf, ƙugiya ko'ina a mazauninta. Da na ɗauki faifan na buɗe a wata kwamfuta, sai na tarar duk inda ɗ take wata baƙuwar alama ta tsaya, duk inda ƙ take wata dabam. Ba a yi mini ha'inci ba. Rigar ce kawai aka sauya wa harafin, sunansa na yanka yana nan yadda yake.

Kowane harafi da lambarsa

Wannan ruɗani shi ya sa wasu injiniyoyi na kamfanonin Xerox da Apple, irin su Joe Becker da Lee Collins da Mark Davis, suka fara tunani a ƙarshen shekarun 1980: me zai hana a yi jeri guda ga duniya duka, kowane harafi da lambar da ba ya tarayya da kowa a kanta? Shi ne Unicode. Yana da gurbi fiye da miliyan ɗaya, an riga an cike sama da dubu 150.

Haruffanmu sun shiga tun bugun farko, amma ba a unguwa ɗaya aka sauke su ba. Ƙ tana 408, ƙ tana 409, maƙwabtan juna. Ƴ da ƴ suna 435 da 436. Su kuwa ɓ da ɗ, da yake masana furuci sun daɗe suna amfani da su, sai aka ajiye su a unguwar alamomin furuci, 595 da 599, aka bar manyansu can baya, Ɓ a 385, Ɗ a 394. Tsohuwar dabarar ɗebe 32 ta mutu ke nan. Tsakanin ƙ da babbarta 1 ne, tsakanin ɗ da babbarta 205, tsakanin ɓ da babbarta 210. Manhajar da aka rubuta da tunanin ASCII, in aka ce ta mai da suna manyan haruffa, sai ta ɗaga sauran ta bar mai ƙugiya a durƙushe.

Saura tambaya ɗaya: ta yaya lamba 409 za ta shiga bayit da ba ya wuce 255? Amsar da ta ci kasuwa ta zo a Satumbar 1992, daga Ken Thompson da Rob Pike, waɗanda suka zana tsarin a wani gidan abinci a jihar New Jersey. Sunansa UTF-8. Hikimarsa ita ce bai tashi kowa daga mazauninsa ba. Haruffan ASCII suna nan da bayit ɗaya ɗaya kamar da. Harafin da ya wuce nan sai ya ɗauki biyu, ko uku, ko huɗu, kuma bayit na farko yana sanar da adadin masu biyo shi. Haruffanmu masu ƙugiya bibbiyu suke ci: ƙ ita ce 198 da 153, ɗ ita ce 201 da 151. A yau kusan duk shafukan intanet da wannan tsari ake rubuta su.

A nan ne ɗalibin da ke koyon shirya manhaja ya kamata ya buɗe ido. A harshen Python, wanda tun fitowar kashinsa na 3 a 2008 yake ɗaukar kowane rubutu a matsayin jerin haruffan Unicode, in ka ba umarnin ord harafin ƙ zai ba ka 409, in ka ba chr lamba 409 zai mayar maka da ƙ. Tambayi tsawon kalmar ƙasa, ya ce 4. Mai da ita UTF-8 ka sake tambaya, ya ce 5. Duka amsoshin gaskiya ne, ɗaya haruffa ya ƙirga, ɗaya bayit. A harshen C kuwa, inda aka saba ɗaukar bayit a matsayin harafi, wanda ya yanke suna a bayit na goma yana iya raba ƙ gida biyu, rabi a ciki rabi a waje.

Rubutun Hausa yakan lalace ta fuska uku, kuma kowace da maganinta. In ka ga ɗan akwati a gurbin harafi, lambar tana nan lafiya, zanen haruffan da aka zaɓa ne ba shi da hotonta, sauya zane kawai za a yi. In ka ga ƙasa ta zama Æ™asa, ko ɗaki ya zama É—aki, to an rubuta da UTF-8 ne aka karanta da tsohon jerin Windows na Yammacin Turai, wanda ya ɗauki kowane bayit a matsayin harafi mai zaman kansa. Wannan ma yana gyaruwa, a sake karantawa da tsarin da ya dace. Amma in ka ga alamar tambaya a gurbin harafin, an zuba rubutun a rumbun da bai san harafin ba, ya jefar da lambar. Wannan ɓari ne, ba ya kwasuwa.

Akwai kuma abin da lamba kaɗai ba ta iya warwarewa. Ka ce wa kwamfuta ta jera kalmomi bisa lambobinsu, za ta kai ƙasa bayan zuma, ta kuma sa ƙ gaban ɓ da ɗ, domin 409 bai kai 595 ba. Ɗalibin aji uku ya san ɓ tana bin b ne, ƙ tana bin k. An tanadi ƙa'idar jerin Hausa a rumbun CLDR na Unicode, amma sai mai shirya manhaja ya kira ta da kansa. Haka sh da ts: a wurinmu harafi ɗaya ɗaya ne, a wurin kwamfuta bibbiyu. Kalmar 'ya'ya ta Kangiwa alama shida ce, ƴaƴa ta Dogon Dutsi huɗu, in ka nemi ɗaya a rumbu ba za ka samu ɗaya ba sai an koya wa manhajar cewa abu guda ne. Waƙafin sama da muke rubuta hamza da shi ma kala uku ne masu kama da juna, lamba 39 da 700 da 8217. Umarnin title na Python yana ɗaukar waƙafin a matsayin ƙarshen kalma, sai ya mai da Mu'azu ya koma Mu'Azu. Sannan ga 'yan kama: Ɗ tamu lamba 394 ce, maƙwabciyarta Ɖ mai lamba 393 ta mutanen Ewe ce na Gana da Togo, kuma sau da yawa hannu kan zame ya ɗauko ta.

Wayar hannu ta ƙara nata. Da GSM ya shigo Nijeriya a 2001, saƙon tes guda yana ɗaukar alama 160 muddin duk suna cikin jerin da aka tanada tun asali don harsunan Turai. Ka saka ƙ guda ɗaya tak, wayar za ta koma wani tsari mai cin bayit biyu a kowace alama, saƙon ya ragu zuwa 70. Ma'ana, rubuta Hausa daidai yana iya ninka kuɗin saƙo. Ga shi kuma yawancin wayoyin farko ba su da harafin ma sam. Ruwa ba ya tsami banza: daga nan matasa suka koyi rubuta qasa da d'an da b'ata, al'adar ta bi su har Facebook da WhatsApp, inda babu wannan haraji. Layukan ƙasan fasfo da na'ura ke karantawa su ma A zuwa Z kawai suka sani, Ɗanladi a can DANLADI ne.

Ajami ya biyo sawu

Darussan nan biyu na makarantar allo su ne ginshiƙin yadda Unicode ya ɗauki rubutun Larabci. Ba ta farkon kalma da ba ta ƙarshen kalma lambarsu ɗaya, manhaja ce ke zaɓar siffa gwargwadon mazauni. Wasali kuwa lambarsa dabam, ana ɗora shi a kan baƙi, kamar yadda farfaru ke biyo bayan babbaƙu. Abin da ya ɗauki lokaci shi ne haruffan da malamanmu suka ƙera da kansu. A 2005 aka ƙara ba mai ɗigo uku a sama da ɗaya a ƙasa, wadda ake rubuta ɓ da ita, tare da ɗigon imala. A 2016, shekarar da UNESCO ta sa bikin kamun kifi na Argungu cikin jerin al'adun gado na duniya, aka shigar da fa da ƙaf da nun irin na Warsh, masu zubar da ruwansu a ƙarshen kalma. A 2020 aka ƙara wasu haruffa masu ɗigo uku na Hausa. Ƙungiyar SIL kuma ta fitar da zanen haruffa mai suna Alkalami wanda ya kwaikwayi hannun Kano.

Wannan yana nufin takardun da ke cikin gafakar gidajen malamai a Gwandu da Jega da Birnin Kebbi, da abin da ke ajiye a gidan tarihi na Kanta a Argungu, ba hoto kawai za a iya ɗaukarsu ba. Ana iya buga su harafi bayan harafi, ta yadda mai bincike zai nemi kalma guda a cikin waƙoƙi ɗari ya same ta cikin ƙiftawar ido. Ajamin da ke jikin takardar naira 500 da ta 1000 yana da gurbi a kwamfuta kamar kowane rubutu na duniya.

Malaman Gwandu ba su da maƙerar haruffa, suka tanƙwara na Larabci. Akawun En'e ba shi da ƙ a tafiretarsa, ya bi da alƙalami. Kowannensu yana da uzuri, kuma duk da uzurin bai bar harafin ya ɓace ba. Mu ne muka zo a zamanin da uzuri ya ƙare. Lambobin suna nan tun 1991. Allon rubutu na waya mai suna Gboard yana da Hausa, wayar da ke aljihun mai sayar da kifi a kasuwar Argungu tana iya rubuta ƙ.

Saboda haka kira na ga ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Kwalejin Waziri Umaru da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da jami'ar jiha da ke Aliero: ku ne za ku gina rajistar manoman shinkafa da ta asibitoci da ta makarantun jihar nan. Ku sa rumbunku a kan UTF-8 tun ranar farko. Kada ku ce manhaja ta kammala sai kun gwada ta da Ɗahiru da Ƙasimu da Mu'azu da 'Yar Ɓaure, kun ga ta adana su, ta jera su, ta nemo su. Malaman da Kwalejin Adamu Augie ta Argungu ke yayewa kuma su koya wa yara inda ƙugiya take a waya kamar yadda suke koya musu ita a allo. Kai kuma mai karatu, in za ka rubuta ƙasa, ka rubuta ta da ƙ. Danna harafi na daƙiƙa ɗaya ne kawai ya rage maka cikin aikin da aka faro fiye da shekara 200.